Lakar Gindin Bahar Maliya

Ko tsufa ya sa na manta hanyar gidanmu, ba zan manta ranar da na kai wa mahaifiyata laka a kwalba ba.

A unguwar Bani Malik da ke Jidda aka haife ni, ilimin duwatsu na karanta. Ina aiki a wani sito a Khumra, inda ake adana laka da dutsen da aka haƙo daga gindin Bahar Maliya, sai aka zaɓe ni in hau jirgin haƙar iskar gas. Damar da na daɗe ina roƙo ke nan, amma Inna ta ce atafau ba za ni ba. A tekun nan mahaifinta ya nutse, suna tsallakowa daga Sawakin ta Sudan tana yarinya. Ko kifi ba ta ci. Ni kuwa ba na taka jirgi sai da albarkarta.

Na yi lallami, na turo kawuna, duk a banza.

"Halas, magana ta ƙare, ya waladi," in ji ta. "Ruwan da ya hana ubana kabari ba zai samu ɗana ba."

A nan na gane rashin binnewar ne ke cin ranta, ba mutuwar ba. Washegari da la'asar tana tsintar shinkafa na ajiye kwalbar a gabanta.

"Wannan fa? Duk karatun naka a laka ya ƙare?"

Na ce, "Daga gindin teku aka ɗebo ta, Inna. Kullum sauka take a hankali kamar gari daga rariya, tana rufe duk abin da ya kwanta can. Gas ɗin ma da muke nema, ƙananan halittu ne da ta binne tun zamanin da, gishiri ya danne, zafi ya dafa."

Ta zuba kaɗan a tafinta, ta murza, ta shinshina. Sai ta ɗago ta dube ni.

"Wato an rufe shi?"

"An rufe shi, Inna."

Ta yi kuka, ni ma na yi. Sannan ta ƙulle lakar a bakin mayafinta, ta ce, "Yalla, tafi, Allah ya tsare. In kun bi ta kansa ka yi masa sallama. Kuma kada ku tone min uba."

Har yau, duk sanda jirginmu ya bar gaɓar Jidda, nakan yi wa kakana sallamar masu ziyarar maƙabarta. Ranar ta koya min cewa in babba ya kafe, musu ba ya kwance shi, sai ka nemo inda ke masa ciwo.