Kujerar da ke Jikin Sifika

Wata rana bayan la'asar, wani DJ mai suna Habila ya tsayar da motarsa a ƙofar wani ɗan gidan rawa a Barnawa, cikin Kaduna.

Mutum ya zo nema. Mutumin da ko sunansa bai sani ba.

A wannan gida Habila ya fara sana'a. Wuri ne ɗan ƙarami, in jama'a suka cika sai an bar ƙofa a buɗe. Fanka ɗaya ce, ita ma sai ta ga dama take juyawa. Amma mai kiɗa yana ganin fuskar kowa, har ya gane wanda ya baro ɓacin rai a gida.

Akwai wani dattijo da ba ya fashi duk Juma'a. Ba ya rawa, ba ya hira. Sai ya ja kujera jikin babbar sifikar katako ta Habila, ya ɗora tafin hannunsa a kanta, ya lumshe ido.

Habila bai taɓa tsara waƙoƙinsa tun daga gida ba. Yatsun dattijon nan yake kallo.

In sun fara motsi, ya san ya kama hanya.

In sun kwanta, ya canza waƙa.

Sai ƙofar arziki ta buɗe, Abuja ta kira. Ya kwashe kayansa kaf, har da sifikar, ko sallama bai tsaya yi ba. Kun dai san halinmu in babban wuri ya kira mu.

Can kuwa dandali ne mai cin dubban mutane. Ga fitilu, ga hayaƙi, ga liƙi. Amma in ya ɗaga kai ba ya ganin fuska ko ɗaya, sai hasken wayoyi. Duk waƙar da ya saka sai idonsa ya kai gefen hagu yana neman hannun nan.

Babu.

Ana ta ihun sunansa, shi kuwa tsoro ne fal cikinsa. Bai san ko kiɗansa yana da daɗi ba, ko kuwa ƙara ce kawai. Har a mafarki yake ganin hannun, kwance, ba ya motsi.

Shi ya sa ya dawo, da tsohuwar sifikar a bayan mota. Burinsa ya ƙara yi wa dattijon kiɗa ko sau ɗaya, ya ga ko yatsun za su motsa.

Ya tarar da mai wurin, Anti Rifkatu, tana goge tebura. Suka gaisa.

"Anti, ina dattijon nan mai zama jikin sifika? So nake ya ji sababbin waƙoƙin da na haɗa."

Ta ajiye tsumman, ta dube shi.

"Ya ji? Haba Habila, ashe ba ka sani ba? Baba Ishaya ai kurma ne. Tun da ƙarar injin masaƙa ta kashe masa kunne. Da hannu yake sauraron ka."

Habila ya nemi kujera ya zauna.

Ta ba shi sauran labarin. DJ ɗin da ya gaji Habila ƙananan sifiku ya kawo, ya rataye su can kusa da rufi. Baba Ishaya ya ci gaba da zuwa. Yakan zauna a kujerarsa, ya miƙa hannu, ya dafa bango. Ya yi makonni a haka, kafin ya daina zuwa.

Bara da damina aka binne shi.

Habila ya fita ya kinkimo sifikar, ya mayar da ita mazauninta, ya jona, ya kunna kiɗa a ɗakin da babu kowa.

Ya zauna a kujerar Baba. A saman katakon akwai wurin da fenti ya goge, ya yi sumul, daidai faɗin tafin hannu.

Ya ɗora nasa a wurin.

Bugun ya ratsa hannunsa har ƙirji. Waƙar ta ƙare, wata ta shiga, Anti Rifkatu ta gama goge teburanta. Shi dai ya kasa ɗauke hannun, hawaye na zuba.

Darasi:

Wanda ya fi kowa sauraron ka ba lallai yana cikin masu ihu ba. Wataƙila yana can gefe, shiru. Ka tambayi sunansa tun yana nan, kuma in za ka tashi ka duba abin da za ka ɗauke masa.

Ka tura wa wanda ya saurare ka tun ba kowa ya san ka ba.