Baƙon Da Ya Zo Neman Tafasa

Shekarar da aka fara shafa wa itatuwan bakin kogi jan fenti, don nuna inda ruwan dam zai tsaya, ina aiki a ɗakin shan magani na Yelwa. Madubin awon jini guda ɗaya ne a wurin, kuma a hannuna yake.

Wata ranar kasuwa wani baƙo ya shigo, mutumin kudu, Hausarsa a karye. Ya ce daga jami'a yake, yana son aron madubin. Da ya buɗe jakarsa sai na ga tafasa ce, da furenta da saiwarta.

Labarinsa ya riga shi isowa. Masunta sun gan shi a tsibiran Gungawa yana durƙushe a gonakin mutane. Wasu suka ce zinariya yake nema kafin ruwa ya rufe ta. Wasu suka ce shi ke gaya wa gwamnati garin da za a tayar.

Da na koma gida na ba Inna labari, sai ta ajiye ludayi.

"Namiji da gemunshi ya baro garinsu don tafasa? Kada ka bar shi shi kaɗai da kayan asibiti."

Da ya dawo, ban bar shi shi kaɗai ba. Ina tsaye a kansa ya ɓare fatar ganye da reza, ya kakkaɓe garin fure a kan gilashi, ya ce in leƙa. Na ga ƙananan ƙofofi jere a jikin ganyen, da ƙwayoyi masu tsaga uku.

"Tafasa iri biyu ce," in ji shi. "A ido ɗaya suke. A nan nake neman inda suka rabu."

"In ka raba su, sai me?"

Ya ce yana so a san wadda ke tsibiran kafin su nutse.

Na so in yarda. Amma washegari na gan shi zaune a gaban motar ma'aikatan dam suna dariya, aka sauke shi a mashigar Ngaski. Da ya dawo neman madubin na ce masa ya lalace. Ya dubi akwatin madubin, ya dube ni, ya yi godiya ya fita.

Bayan an tashi mutanen tsibiran, wani direban ma'aikatan dam ya ce mini rage wa baƙon hanya kawai suke yi. To, shi ma direban albashinsu yake ci.