Baƙonmu na Sati Biyu

"Ƙirga mutane take yi." Haka Mama take amsa wa 'yan zumuntar mata idan suka tambaye ta aikina, don ta gaji da bayanin yadda 'yarta take 'yar jarida amma ba a jin muryarta a rediyo. Gaskiyarta kuwa. Nakan bi gidajen haya a unguwannin Kakuri da Television da Gonin Gora, in tambayi mutane daga ina suka zo, yaushe suka zo, su nawa ne a ɗaki. Sai in zuba amsoshin a kwamfuta, in fitar da taswira da labari.

Fom ɗina na farko ni na tsara shi da kaina, ina ta ji da shi kamar na haifi ɗa. Gurbi biyu ne a cikinsa, ɗaya na mazauna gida, ɗaya na baƙi. Baƙi ba na sa su a lissafi, ai masu wucewa ne. Da na gama haɗa komai na kai wa editana, sai ya ɗaga tabarau ya dube ni ya ce, "Wannan Kakurin taki a wace ƙasa take? Na ga kowa yana miƙe ƙafa a ɗaki." Raina ya ɓaci sosai, don ni a gidan haya na girma, na san ba haka abin yake ba.

Washegari da sassafe na koma wani gida da na riga na cike wa fom. A ƙofar wata mata 'yar Binuwai da ta ce mini su huɗu ne, na tarar da bokitai tara a jere suna jiran layin wanka.

Na ce, "Madam, ba ku huɗu kika ce ba?"

Ta ce, "Mu huɗu ne mana. Sauran baƙi ne."

"Wancan mai goge baki fa, yaushe ya zo?"

Ta ɗan yi tunani. "Ina da cikin wannan," ta ce, ta nuna wata budurwa sanye da kayan sakandare.

Kai! Na koma gida ina ta faɗa ni kaɗai, wai mutane sun kasa amsa tambaya mai sauƙi. Mama tana tsince wake, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "To gwada shi a nan gidan, tunda ku ne masu ilimi."

A lokacin muna haya a Television, ɗaki biyu da falo: Baba, Mama, ni, ƙannena biyu, sai Kawu. Kawu ƙanin Mama ne. Ya zo daga ƙauyenmu ina firamare, zai yi sati biyu ya nemi aiki a masaƙar da Baba yake aiki, sai ya iso daidai lokacin da aka sa wa ƙofarta kwaɗo. Baba ya koma gyaran keken ɗinki, Kawu ya kafa tebur a bakin titi yana gyaran rediyo, yana kwana a falo. Jakarsa tana saman kabad, a ɗaure, komai nasa a ciki. In zai sa riga ya sauko da ita, ya ciro, ya mayar. Baba kuwa ban taɓa jin ya kira shi da wani suna ba sai "Baƙona".

Ga kuma abin da kowa ya yi shiru a kai. Baba ya gama gininsa a Gonin Gora, bayan shekaru yana tara bulo ɗaɗɗaya, kuma ƙarshen wata za mu tashi. An raba ɗakuna da baki, kowa ya san nasa. Ba wanda ya ambaci Kawu, shi ma bai tambaya ba.

Ni da rawar kaina ban tuna da wannan ba. Na sami Baba da Kawu a gindin mangwaro suna dara, na buɗe fom kamar wata jami'ar gwamnati.

"Baba, mutum nawa ne mazauna gidan nan?"

"Biyar," in ji Baba. "Da baƙo ɗaya."

Kawu yana riƙe da ɗan dara a sama, bai ajiye ba. Sai ya yi dariya ya ce, "Rubuta mana, 'yar boko. Baƙo ɗaya."

Na fusata. Na ce, "Haba Baba! Mutumin da ya riƙa kai ni makaranta a kafaɗa? Yana da furfura yanzu fa, a falon nan ya yi ta!"

Baba ya ce, "Ni kika tambaya ko kanki?"

Daga ranar Kawu ya canza. Ya rage cin tuwo, shi da yake neman ƙari kafin a gama zubawa. Ya sauko da jakar ya goge ta, ya kai aka gyara mata zif. Ya fara mayar wa mutane rediyoyinsu, har da waɗanda masu su sun manta da su. Na ji kunya, na ji tsoro kuma, don na san fom ɗina ne ya tono abin da aka binne. Na je wurin Mama ina cewa ta yi wa Baba magana, sai ta harare ni.

"Ke da kika iya ƙirga, ba ki iya gani ba? Kawunki ya bar ƙauye da alkawarin zai koma da kwanon rufi da keke. Muddin ana ce masa baƙo, yana kan hanya ke nan, bai gaza ba. Ranar da aka rubuta shi mazauni, ya zama mutumin da ya tsufa a falon mijin yayarsa. Babanki rufa masa asiri yake yi, ke kin zo da biro kina buɗewa."

Na ce, "To zai bi mu ko ba zai bi mu ba?"

Ta ce, "Babanki kamar tukunya mai murfi yake. Ni ma ban sani ba." A nan na ga idonta ya cika.

Ranar tashi, mota ta zo, muka loda katifu da tukwane da kekunan ɗinkin mutane. Kawu ya fito cikin kayan zuwa coci, jaka a hannu, ya ce shi zai wuce tasha, dama an daɗe ana nemansa a gida. Ƙarya ce, kuma duk mun sani, gonarsu ma tuni 'yan'uwa suka rabe ta. Mama ta juya baya tana ƙara ɗaure buhun da yake a ɗaure.

Baba bai ko dube shi ba. Ya miƙa masa allon dara ya ce, "Riƙe min wannan, kada yaran nan su fasa shi. Wane irin baƙo ne zai tafi bai ga gidan da aka gina ba? Hau."

Kawu ya hau, jaka a cinya, allo a kan jaka.

A Gonin Gora akwai wani ɗan ɗaki a gefen ƙofar shiga, mai ƙofarsa daban tana kallon titi. Tun ana gini Baba yake cewa shagon kekuna ne. Da muka sauka sai ya sa aka jibge kekunan a baranda, ya zaro mukulli daga aljihu ya miƙa wa Kawu.

"Ɗakin baƙi ne," in ji shi. "In wani baƙon ya zo, sai ka matsa masa."

Kawu ya buɗe. Akwai gado, akwai tebur a bakin taga, har da soket uku a jere, na mai gyaran rediyo. A bango kuma an kafa katako ɗaya, daidai faɗin jakarsa. Ya daɗe a tsaye, ya ba mu baya. Can sai ya ce, bai juyo ba:

"Sati biyu kawai zan yi fa."

"Na sani," in ji Baba. "Zo mu ƙarasa wasan jiya, kana bina ci."

Na koma ofis na goge gurbin baƙi daga fom ɗina. Yanzu tambayata ita ce, "Mutum nawa ake zuba wa abinci a gidan nan?" Wannan ba mai jin nauyin amsa ta, har da alfahari ake faɗa. Bokitai ma ban daina ƙirgawa ba.

Bayan 'yan watanni na shiga kai wa Kawu kunu. Rigunansa suna rataye a ƙusa, rediyo yana kan katakon. Jakar kuwa na hango ta a ƙarƙashin gado, a ninke, babu komai a ciki. Ya ga inda nake kallo, sai ya tura ta ciki da ƙafa.

"Kada ki gaya wa babanki," in ji shi.