Ludayi Mai Jan Fenti

Har yau ban manta da wata Alhamis a kicin ɗin kamfanin gina hanya da na yi wa aiki a bayan garin Jimeta ba. Shekarar ce da mutanen Mubi da Michika da na Borno suka cika Yola saboda rikici. Ni ce babbar kuku, ni Rifkatu 'yar Numan da ake kira Maman Dauda, shekarata ta shida ke nan a wurin.

Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, kicin ɗaya ne amma girki biyu. Akwai na injiniyoyi 'yan Sin, akwai na leburori, waɗanda yawancinsu Musulmi ne. Tunda 'yan Sin ba sa kwana biyu ba su ci alade ba, duk tukunya da wuƙa da ludayin ɓangarensu an shafa wa hannunsu jan fenti. Mai jan fenti ba ya tsallaka teburin da ya raba ɓangarorin biyu, ko wanki ba a haɗa su. Ni na kafa dokar, kuma babu wanda ya kai ni faɗa a kanta.

Tukunyar leburori tana hannun Ya Falmata, dattijuwa daga Borno da ta gudo da jikoki uku, tana raɓe wajen 'yan uwa a unguwar Rumde. Ni na roƙa mata aikin. Watanta biyu cikin wata uku na gwaji, kuma manajan sansani, Malam Hammadu, ya gaya mata kuskure ɗaya ya isa a sallame ta.

A ranar, babban injiniya ya yi baƙi, ya ce a yi musu alade mai zaƙi da tsami da taliyar leda. Girkin ba wuya, gaggawa ce da shi. Za ki yanka naman ƙanana, ki juya shi cikin ƙwai da sitaci, ki soya. Ki haɗa tumatir da sukari da ruwan tsami na kwalba da abarba da tattasai. Taliyar kuwa minti biyu a ruwan zafi, ki tsane, ki watsa komai a kasko bisa wuta mai ƙarfi kina juyawa. Kika waiwaya sau ɗaya, ya kama.

Ina tsakiyar juyawa na ji miyar leburori tana neman ƙonewa, Ya Falmata ta je ɗebo ruwa. Ban yi tunani ba, na miƙa hannu na motsa mata. Sai da na zaro ludayin na ga jan fenti, maiƙon alade na ɗiga. Na ɗaga kai, ga ta tsaye a ƙofa da bokiti.

Sha biyu da rabi ta wuce, ƙarfe ɗaya ake rabo. Ta daɗe tana kallon tukunyar, sannan ta ce a hankali, "Maman Dauda, ni ba zan iya raba wannan ba."

Ina jin kunyar abin da na ce, amma zan faɗa. Cewa na yi, "Haba Ya Falmata, motsi ɗaya ne fa. Wa ya gani?"

Ta rufe tukunyar, ta ja ta gefe.

Da ƙarfe ɗaya ta gota leburori suka fara buga kwanuka, sai ga Malam Hammadu. Bai ko dube ni ba. "Falmata, ina abinci? Mutane tun safe suna cikin rana. In aikin ya fi ƙarfinki, akwai mata goma a bakin get."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam, miyar ce ta ɓaci."

Ta tsaya a nan. Ba ta ambaci sunana ba, ga aikinta yana shirin tafiya. Na ɗauko ludayin na ajiye a gabansa na ce, "Ni ce na sa wannan a miyarta. Na ce ta raba, ta ƙi."

Ya dubi ludayin, ya dube ni. "Ke mai dokar?"

"Ni mai dokar."

Ya juya ya buɗe sito ya fito da katan-katan na taliyar leda da ƙwai. Miyar muka ba leburori Kiristoci bayan na gaya musu abin da ya faru. Na wanke hannu har gwiwar hannu, muka tsaya ni da ita muka dafa wa sauran taliya da ƙwai da albasa a tukwanenta. Ƙarfe biyu da rabi suka ci, suna ta mita.

Washegari na karɓi takardar gargaɗi, ta farko kuma ta ƙarshe a aikina, kuma na cancance ta. Ita kuwa ba a jira cikar wata uku ba aka tabbatar da ita. Malam Hammadu ya ce a gabana, "Wadda ta gwammace a kore ta da ta ciyar da ni abin da ban sani ba, ba na gwada ta kuma."

Ku masu shigowa aikin nan, mai cin abinci ba ya ganin kicin, ku ne idonsa. Na shekara shida ina koya wa mutane wannan da faɗa. Ranar da na kasa, matar da ta fi kowa tsoron rasa aiki ce ta riƙe shi.