Tagwayen da ke cikin akwatin Baba

Wata ranar Asabar ce bayan kaka, a shekarar dubu biyu da tara, lokacin da duk rediyon da ka wuce maganar tazarce yake yi, Baba ya shigo gidanmu na Sabon Garin Maradi rungume da kwali kamar wanda ya ɗauko jariri. Ina tsakar gida ina wanke-wanke, ƙanena Sani yana bin kaji da kara, kakarmu Iya tana kan tabarma tana tsince zogale. Bayan Baba abokinsa ne Lawali, mai siber a unguwar Zariya, wurin da samari ke zama gaban ordinatar, wato kwamfuta, ya rataya naɗin waya shuɗiya a kafaɗa. Da aka buɗe kwalin sai ga wani baƙin akwati, bai fi tiyar awon hatsi girma ba, babu gilashin kallo, babu abin rubutu. Iya ba ta kiran sunan Baba saboda ɗan fari ne. Ta dubi abin sama da ƙasa ta ce, "Kai mai hoto, wanga rediyo ina bakinshi?" Baba ya ce, "Inna, ba ya magana, ajiya yake yi."

Baba mai ɗaukar hoto ne, shagonsa yana jikin zaurenmu. Kafin zuwan akwatin ya sha kunya: ya ɗauki hotunan wani biki a Tibiri, ordinatar shago ta mutu da su a ciki, dangin amarya suka yi ta sintiri har suka gaji. Mu ma a gida an yi mana irin wannan rashi. Umma, mahaifiyata, ta rasu daminar da ta wuce, kuma hotunanta na takarda suna cikin wata jaka da gara ta samu a ƙarƙashin gado. Abin da ya saura nata su ne waɗanda ke cikin tsohuwar ordinatar ɗaki, ita ma tana ta ciwo. Bayan rasuwar ne Iya ta bar garkarta, wato lambunta na Jiratawa, ta dawo wurinmu, ni kuma aka cire ni daga lakwal, makarantar boko, don in riƙa kama mata aiki, tun ban gama haɗa baƙi ba.

Sun wuni suna aikin nan. Lawali ya huda bango, ya bi da wayar ta gefen azara daga ɗakin Baba, ta ratsa zaure har shago, Sani yana miƙa masa ƙusa. Duk wayoyin suka haɗu a wani ƙaramin abu mai fitilu, wanda ke raba hanya tsakanin ordinatar shago da ta ɗaki da akwatin. Sannan ya fito da ƙarafa biyu masu nauyi, kowane kamar sabulun wanki, ya ce sunansu dis, ya zura su ɗaya gefen ɗaya. Ya yi bayani cewa duk abin da aka zuba wa na farko, akwatin da kansa zai zuba wa na biyu. Baba ya ɗan yi gunaguni, wai an sayi wuri biyu ana cin moriyar ɗaya. Iya ce ta raba gardamar. Ta ce ai tagwaye ne, kuma ba a saya wa Hasana zane a bar Husaina tana kallo. "Abin da ya yi Hasan shi ya yi Husaini," in ji ta. Daga ranar sunan ya bi su. Ko Lawali in ya zo, sai ya tambaya yaya 'yan biyu suka kwana.

A cikin akwatin Baba ya yanka ɗakuna. Akwai na hotunan mutane, wanda ordinatar shago ke iya shiga, akwai na gida, wanda sai da kalmar sirri. Ya kwashe duk hotunan Umma ya zuba a na gida, ya share tsohuwar ordinatar don ta yi sauƙi. Ni aka ba wa kula da akwatin, a kan shara da ɗiban ruwa da kai niƙa. Kowace safiya in goge shi da busasshen tsumma, in hure ƙofofin iska da ke bayansa, in duba fitilu biyu na tagwayen, su kasance kore. In an ɗauke wuta, batirin da ke ƙarƙashin tebur zai fara kuka, in bar ko me nake yi in ruga in danne maɓallin gaba har akwatin ya yi shiru da kansa. Sau da yawa muna tsakiyar 'yar carafke a ƙofar gida zan watsar da duwatsu in ruga, ƙawayena suna yi mini tsiya, wai uwar tagwaye an tafi ba da nono.

Ladan aikin ni na san shi. In Baba ya tafi masallaci da la'asar, sai in zauna gaban ordinatar ɗaki. Ban iya karanta sunayen ɗakunan ba, amma na san na Umma shi ne na ƙarshe a hannun dama, kalmar sirri kuwa yatsuna ne suka haddace inda suke sauka. Akwai hoton da take tankaɗe, ta ɗago kai an kira ta ba shiri, gari a goshinta. Wannan nake buɗewa. Ban faɗa wa kowa ba a lokacin, amma fuskarta ta fara ɓace mini. In na rufe ido sai in ga kallabinta da hannuwanta, tsakiyar kuwa babu.

Bazarar da ta biyo baya ta zo da wuya. Sojoji sun karɓi mulki, hatsi ya yi ƙaranci a ƙauyuka, gidanmu ya cika da dangi daga Jiratawa da Tibiri, wasu neman aiki, wasu neman abin kai wa baki. Mata sukan leƙa ɗakin Baba su ga abin da ke ƙifta ido. Wata rana Baba ya tafi ɗaukar hoton suna, ni an aike ni niƙa inda layi ya yi tsawo, sai wata baƙuwa ta tsaya kan akwatin ta ce wanga abu ai ya fi saniya daraja, ba ta ce tubarkalla ba. Iya ta ji. A wurinta baki yana kama yaro, yana kama shuka, balle tagwaye. Ta ɗauko zanenta na saƙi mai kauri ta naɗe akwatin tsaf, ta kifa babbar kwalla a kai, yadda take ɓoye duk abin da take ji da shi. Ranar kuwa zafi ne irin wanda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa.

Da na dawo na ji wani siririn kuka daga ɗaki, alhali akwai wuta. Na ɗaga kwallar, na warware zanen, akwatin ya yi zafi kamar tanda, fitila ɗaya ta koma ja. Na kashe shi yadda aka koya mini. Da yamma Lawali ya zo ya duba, ya ce Hasana ta mutu, Husaina na da rai, amma ita ma ta sha wuya. Kada wanda ya kunna sai an samo sabon dis, kuma irinsa babu a Maradi, sai an ba direba saƙo zuwa Kano. Baba bai ɗaga wa Iya murya ba. Ya ce kawai, "Inna, shi wannan iska yake sha." Iya ta ce, "Mi ya hana ka gaya mini yana numfashi?" Ta tashi ta shiga ɗaki. Washegari akuyarta da ta zo da ita daga Jiratawa ta bi wani mutum zuwa kasuwa, ba wanda ya tambaye ta dalili.

Jiran ya yi tsawo. Masu karɓar hoto suna zuwa Baba yana ba su haƙuri. Ni kuwa ba hotunan mutane ne damuwata ba. Ina shara ina ƙoƙarin haɗa fuskar Umma, in samu ido in rasa baki. Na tambayi Iya ko da wa ta yi kama, ta ce da ni. Na duba madubi ban ga kowa ba sai ni. Iya tana yawan cewa ba a barin ɗan tagwaye shi kaɗai, kewa ke sa ya bi ɗan'uwansa.

Ranar da saƙon ya iso, Lawali ya zare matacciyar ya zura sabuwa, ya ce yanzu Husaina za ta kwashe duk abin da ke cikinta ta ba 'yar'uwarta, kuma in ta gaza a hanya shi ke nan. Tun hantsi ake abu ɗaya. Aka buɗe taga da ƙofa, aka hana yara shiga. Iya ta ja kujera 'yar tsugune ta zauna gaban akwatin da mafici, tana yi masa fifita kamar mai jinya, hannu ya gaji ta sauya. Lawali ya ce akwai fanka a cikinsa, ta ce ta ji, ta ci gaba. Bayan la'asar jar fitilar ta koma kore. Baba ya ce, "Zo, uwar tagwaye, buɗe mu gani." Ashe ya san ina shiga. Na buɗe. Tana nan, gari a goshinta. Iya ta matso ta daɗe tana kallo, sannan ta sa bakin zanenta ta goge gilashin daidai goshin.

Yau ina da 'ya'ya uku, na koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci bayan aurena. Sani ne ya gaji shagon, ya sake akwati, ya ajiye wani kwafi a gidana don kada wuri ɗaya ya riƙe komai. Ba a ja waya yanzu, daga salula nake shiga. Yarana suna ɗaukar hoto ba adadi, su share ba su ko duba ba. Babbar ɗiyata ta san kakarta sarai, tana iya nuna ta ko cikin hoton taro. Kwanan baya tana kallon hoton tankaɗen nan ta ce, "Mama, da aka kira ta, mi ta ce?" Na nemi amsarta a kaina, ban samu ba. Mun yi ta tsaron fuskarta, muryar kuwa ta tafi ba wanda ya lura.