Da'irar da Na Rufe da Gawayi

Assalamu alaikum. Ni ban yi boko ba, allon ma ban wuce ƙananan surori ba aka cire ni. Maƙwabciyata ma'aikaciyar asibiti, wadda take karanta mini wannan shafi naku, ita na zaunar take rubuta abin da nake faɗa, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini magana, kada ta sa sunan kowa.

Shekara huɗu da suka wuce, duk wanda ya shigo layinmu a Tudun Wada ya tambayi mai waina, gidana za a nuna masa, a kuma ce masa ya yi sallama da kyau. Ni mace ce mai tsanani, kuma a lokacin taƙama nake yi da hakan. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya tilo, da tanda na raine ta har ta gama kwaleji ta zama malamar zane a makarantar sakandare. Ban taɓa barin tukunya a buɗe ba, ko ƙofa, ko akwati. Motsi kaɗan a tsakar gida sai na san na wane ne. 'Yar fari ce, don haka ko sunanta ba na kama wa, balle in zauna hira da ita. Da ido nake mata magana, kuma tana ji.

Ta yi aure a Maitumbi, Allah ya ba su 'ya mace. Wannan jikar tawa ce kaɗai take iya taka mini tabarma da takalmi in yi dariya. Ƙawata nake ce mata. Tana da shekara uku zazzaɓi ya kama ta, kwana biyu rak Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar arba'in mijin 'yata ya kawo mini ita a keke, ya durƙusa ya ce ba ta ci, ba ta magana, ko zama kusa da ni zai sa ta dawo hayyacinta. Na ce ya bar ta, haƙuri ai ba a kasuwa ake sayo shi ba, zan koya mata.

Haƙurin da na sani shi ne a share hawaye a tashi a kama aiki. Na ba ta tsintsiya, na ba ta wankin shinkafa, duk tana yi kamar wadda ake ja da igiya. Sai wata safiya bayan sallar asuba na leƙa ɗakinta na ga ta zauna a ƙasa ta miƙe baya, ta zuba wa farar takarda ido, ba ta motsi. Ta daɗe a haka. Can ta tsoma buroshi cikin tawadar da ta dafa da kanta, irin ta malamai, ta gawayi da ƙaro, ta ja numfashi ta zana da'ira guda a tashi ɗaya. Ba ta haɗe bakin da'irar ba, ta bar 'yar kafa. Ta juya takardar ta yi ɗan rubutu, ta ajiye ƙarƙashin katifa. Washegari ma haka, jibi ma haka. Abin da na ƙi lura da shi a lokacin shi ne, tun da ta fara wannan abu take cin waina biyu, har uku, da miyar taushe.

Wata rana na kasa daurewa na tambaye ta, ina kallon wani wajen, ko tawadar ce take ƙare mata da ba ta iya ƙarasa ko da ƙwallo ɗaya. Ta ɗan yi murmushi, na farko tun rasuwar. Ta ce wani malaminsu a kwaleji ne ya nuna musu yadda masu zane na ƙasar Sin da Japan suke aiki, cewa mutum ya natsu tukuna, ya bar hannu ya tafi da kansa, inda numfashi ya tsaya nan zane ya tsaya, ba gyara, ba komawa. Ta ce ai ni ma na san abin, tunda ƙullun waina idan na dama rufe shi nake yi in ƙyale shi ya tashi, in na yi ta juya shi ba zai kumbura ba. Na ce mata ƙulluna rufe shi nake yi, ba na barin sa da baki a buɗe, kuma ta daina haɗa sana'ata da shirme. Ta ce to, Inna. Nan maganar ta mutu, kuma ni na kashe ta.

Bayan 'yan kwanaki ina tsakar gida ina tankaɗe na ji ta a waya da wata ƙawarta ta makaranta. Turanci suke haɗawa da Hausa, ni kuwa kunnena a miƙe. Sai na ji ta maimaita kalmomi biyu. Yanzu na san cewa Zen da Tawo ta ce, sunayen hanyoyin tunanin waɗancan mutane. Amma abin da kunnena ya kawo mini shi ne jinnu, taho. Wallahi rariyar sai da ta faɗi daga hannuna. Na ɗauki mayafi na tafi wajen aminiyata, wata 'yar Bida da muka yi shekara talatin muna zuwa kasuwar Beji sayen shinkafa tare. Na zayyana mata komai. Ta dafe ƙirji ta ce ai magana ta fito, ana kiran aljani, an zana masa ɗaki, an kuma bar masa ƙofa, me ya rage. Ta ce matan da suka rasa 'ya'ya su aka fi yaudara da irin wannan, a ce za a dawo musu da yaron. Ba don mugunta ta faɗa ba, abin da ta sani ke nan, ni ma abin da nake son ji ke nan.

Ban tambayi yarinyar nan ba. Wannan shi ne abin da yake ci na har yau. Tana salla biyar a gabana, tana karatun Alƙur'ani ina ji, amma duk ban sa wannan a ma'auni ba. Ranar da ta koma aiki, wata bakwai da rasuwar, na shiga ɗakin na ɗaga katifa. Takardu ne jingim. Na zari ɗaya na ɗauki gawayi na haɗe bakin da'irar, ina karanta abin da na iya, na ɓoye ta a akwatina don in kai wa malam ya gani. Sauran na yi niyyar sa musu wuta, sai na ga rubutu a bayan kowace. Na ji tsoro kada a ce akwai sunan Allah a ciki in haɗa shi da toka. Sai na yi musu yadda ake yi wa allo. Na cika baho da ruwa na riƙa tsoma su ɗaya bayan ɗaya ina cuɗawa har ruwan ya yi baƙi ƙirin, na kai gindin katanga inda ba a takawa na zuba. Ina yi ina jin na ceci 'yata.

Da la'asar ta dawo ta tarar da tarin takardu sun zama kamar dusa a kan langa. Ba ta yi ihu ba. Ta tsuguna ta riƙa ɗaga su suna narkewa a hannunta. Ni kuwa ina tsaye a kanta ina faɗa, ina ce mata na ji da kunnena tana kiran jinnu ya taho. Ta ɗago ta dube ni, sannan ta faɗa mini abin da kalmomin suke. Ta ce ba addinin kowa ta ɗauka ba, yadda ake riƙe buroshi da numfashi kawai ta aro. Ta ce kullum da safe takan tuna abu ɗaya na 'yarta, wata kalma da take faɗa ba daidai ba, ko yadda take gudu, ta rubuta a bayan takardar, domin ta fara jin muryar tana ɓace mata. Ta ce da yawa daga ciki ba za ta iya sake tunowa ba, tunda ta sauke su a takarda ta saki jiki. Sai ta ce Allah ya huci zuciyata. Ita ce ta ba ni haƙuri.

Da safe mijinta ya zo ya ɗauke ta. Malamin unguwa da na je wa daga baya ko takardar ban fitar ba, da ya ji bayani ya ce mini Hajiya, da kin tambaya. Na ce masa ba a saba ba.

Takardar nan guda tana akwatina har yanzu. Sai bara na iya ba wannan maƙwabciyar tawa ta karanta mini bayanta. An rubuta cewa ƙawata, jikar nan tawa, takan tsaya bakin tandata ta ƙi karɓar waina mai kyau, sai ƙaramar da ta ƙone, wai ita ce tata, kuma ni nakan ƙona ɗaya da gangan in yi kamar kuskure ne. Ashe 'yata tana gani. Na sa tsumma na yi ƙoƙarin goge gawayin da na rufe da'irar da shi, sai ya ƙara shafewa.

'Yata tana zuwa duk Juma'a, ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo cefane. Ta sake haihuwa, namiji. Tana koyar da yara zane, amma mijinta ya ce ita kanta ba ta ƙara ɗaukar buroshi ba. Na nemi gafararta ta ce ta yafe, kuma na yarda. Sai dai ba ta ƙara kwatanta mini komai da ƙulluna ba.

Iyaye mata irina, masu ido a kan komai, ina roƙon ku don Allah. Sa ido daban, sani daban, ni na gwada. Idan kuka ga ɗanku da ya shiga baƙin ciki ya kama wani abu da ba ku gane ba, matuƙar bai bar sallarsa ba, ku ajiye kunya da girma ku zauna ku tambaye shi, ku kuma jira ya gama amsawa. Kada ku kai kalmar da kuka tsinta rabi wajen maƙwabta. Ni na ji tsoron ƙona sunan Allah, ban ji tsoron wanke jikata ba. Juma'ar nan mai zuwa zan miƙa wa uwarta takardar, da gawayina a jiki, tunda ita kaɗai ta rage.