Karan Awo a Bayan Ƙofa

Mijina magini ne, dogo, daga wani ƙauye bayan Batagarawa. Rabin katangun layinmu a Ƙofar Kwaya hannunsa ne. Shi ya kai ni makarantar manya a kan kekensa ina da 'ya'ya biyar, mata na dariya, ya ce su yi ta yi. Da wannan karatun nake rubuta labarinsa yau.

Bayan gini, yana haƙar kabari, don Allah kawai. In aka yi rasuwa a unguwa, sai a auna gawa da karan dawa, a yanke daidai tsawonta, a kai masa. Da shi yake gane iyakar ramin. In an gama, a bar karan can maƙabarta. Ba a dawowa da shi gida. Kowa ya sani.

Wata rana ina shara da hantsi, na tarar da kara jingine a bayan ƙofar ɗakinmu. An kankare shi, an yanke kai da gindi da wuƙa. Kuma babu wanda ya mutu a unguwa.

Ban yi kuka ba, awo na kama. Na kira yaran ɗaya bayan ɗaya, wai ina duba wanda ya fi girma. Duk karan ya fi su. Na tsaya jikin bango na gwada kaina, ya fi ni. Saura mutum ɗaya.

Da ya dawo ya ci tuwo ya miƙe a tabarma bayan azahar, na lallaɓa na shimfiɗa karan gefensa. Ƙafarsa ta wuce karan da taƙi guda. Sai na ji numfashina ya dawo.

"Kin gama?" ya ce, idonsa a rufe.

"Malam, karan wa ne wannan?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba kamar ya? Da ƙafarsa ya shigo?"

"Ina zaune maƙabarta ina jiran a kawo gawa, hannuna ya yanke shi. Na zo jefarwa, na kasa."

"To ni zan iya. Murhu zai shiga."

Ya buɗe ido. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. "Ki ajiye shi. Mai shi bai zo ba."

Na ce, "In naka ne, ka ji kunya. Magini guda, ko awon kanka ba ka iya ba!"

Ya yi dariya har da tari. Ni ban yi ba. Na cusa karan bayan akwatina.

Shekaru suka wuce. Yara suka girma, kowa na kusantar tsawon karan sai in daina barci sosai, har ya wuce shi ko ya tsaya ƙasa. Malam dai bulo, siminti, diga. Ya aurar da ɗiya, ya rufa wa ƙannensa asiri. Daga baya bayansa ya fara ciwo. Na ce ya bar aikin, ya ce wa zai ciyar da gida? Ya sunkuya kaɗan, sannan sosai. Ina ganinsa kullum, shi ya sa ban lura ba. Ni da ke auna kowa, shi kaɗai na daina aunawa.

Ya rasu da safe, ranar Talata, bayan ya sha koko. Ƙanensa ya tsaya bakin ƙofa yana cewa a samo kara.

Na ce, "Ku dakata."

Na jawo shi daga bayan akwati, ya yi ƙura, amma ko gara ba ta taɓa shi ba. Na durƙusa na shimfiɗa shi gefen Malam, kamar waccan azahar ɗin. Daga kai zuwa diddige, babu ragi, babu ƙari.

Ƙanensa ya ce, "Yaya, wa ya riga ya auna shi?"

Na miƙa masa karan. Na ce, "Kai musu. Kada ku dawo da shi."